Tsofaffin Taswirorin Gaɓar Teku da Kwafinsu na Ado: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Legas

Sana'ata saka hoto a firem, a nan Legas na koye ta, a nan nake cin abinci da ita. A 'yan shekarun nan taswira ta shiga sahun abin da ake yawan kawo mini. Mai otal yana son ta ado a wurin karɓar baƙi, Hajiya ta ga wata a gidan ƙawarta a Ikoyi tana son irinta, wani kuma ya sayo a hannun dillali an ce masa ta shekara ɗari uku ce. Daga Agege har Obalende tambayoyin kusan ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wace ce tsohuwar taswirar gaɓar teku, kuma ina bambancinta da wadda muka sani a makaranta?

Ta makaranta ta mutumin da ke tsaye a tudu ce: iyakar ƙasa, manyan garuruwa, layin dogo. Wannan kuwa ta matuƙin jirgin ruwa ce, mai hango ƙasa daga cikin teku, wanda damuwarsa ina mashiga take, ina dutse ya ɓuya, ina zai sami ruwan sha. A Bahar Rum aka fara irinta. Mafi tsufa da ta rage ita ce wadda ake kira ta Pisa, ta ƙarshen ƙarni na 13, an zana ta da hannu a kan fata, tana ɗakin karatu na ƙasa a Paris.

Kana ganin irinta za ka shaida ta. Sunayen garuruwa sun jeru bi da bi a bakin gaɓa, kowanne ya miƙe ya nufi cikin ƙasa kamar haƙoran mataji, don kada rubutu ya rufe ruwa. Manyan tashoshi da jar tawada, ƙanana da baƙa. Sai layuka da suka tashi daga tauraron kamfas suka game takardar kamar saƙar gizo, su ne ke nuna wa matuƙi fuskar da zai sa a gaba. A wurin masu wannan harka, taswira ba ta cin sunan tsohuwa sai ta haura shekara 100.

Da gaske akwai Legas a cikinsu?

Akwai, amma kada ka sa ran ganin birni. Turawan Fotugal sun iso bakin ruwan nan wajen 1472, suka kira tafkin Lago de Curamo. Kalmar "lagos" a harshensu tafkuna take nufi, masu gari kuwa Eko suke cewa, wanda bakin Bahaushe ya mayar Ikko. To a taswirorin ƙarni na 16 da na 17, abin da za ka tarar bai wuce sunan Curamo ko na kogin Lago ba, da 'yar tsaga a jikin gaɓa.

Garin bai fito sosai a takarda ba sai bayan da jiragen yaƙin Ingila suka yi masa ruwan wuta a Disambar 1851, aka kuma sa Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa shi a Agustan 1861. Taswirorin wannan zamani su na fi so, domin mutum yana iya ɗora yatsa a inda yake zaune. Babu gadar Carter, sai 1901 aka yi ta, balle babbar gada ta uku da aka buɗe a 1990. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu zanen shi ne tudun yashin da ya tokare bakin mashiga, wanda ya sa manyan jirage ke tsayawa a waje, a kwaso mutane da kaya a ƙanana, wani sa'in kuma igiyar ruwa ta kife su. Daga wajen 1908 aka fara jera ganuwar duwatsu gabas da yamma da mashigar don jirgi ya shigo kai tsaye. Ganuwar ta yi aikinta, sai dai ta tare yashin da ruwa ke turowa daga yamma, teku ya koma yana cin Bar Beach shekara da shekaru. A wannan gefen ne aka zuba yashi aka kafa Eko Atlantic. Ajiye taswirar 1890 kusa da ta wayarka, za ka ga bakin ruwan ba ɗaya ba ne.

Ƙananan lambobin da aka watsa cikin ruwan fa, na mene ne?

Zurfi ne. Da gaba ake auna shi, irin yadda masu haƙar rijiya ke cewa gaba goma, gaba ashirin. Gaba ɗaya a lissafin jirgi ƙafa 6 ce, mita 1.8 ke nan da 'yan kai. Igiya ake jefawa da dalma a bakinta, a shafa wa gindin dalmar kitse don ta ɗauko abin da ke ƙasa, yashi ne ko laka ko ɓawon kodi. Alamar anka wurin tsayawa ne, ɗan gicciye dutse ne, ɗige-ɗige kuma yashi. Ofishin auna teku na rundunar ruwan Ingila, wanda aka kafa a 1795, shi ya fi yawan irin waɗannan na gaɓarmu. Na ado ne yanzu. Kada wani mai kwalekwale ya dogara da su, yashin ya daɗe da canza wuri.

Na ga an rubuta Cano, Cassena da Zegzeg can cikin ƙasa. Garuruwanmu ne?

Su ne: Kano, Katsina, Zazzau. Duba da kyau za ka ga Guber da Zanfara, wato Gobir da Zamfara. Daga littafin Alhasan al-Wazzan aka kwaso su, mutumin Fas ta Maroko da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga a Banis ta Italiya a 1550. Masu zanen ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba, wannan ya kwafi wancan, wancan ya kwafi na gabansa, har kusan shekara ɗari biyu. Shi ya sa za ka ga an dasa Kano inda ba ta taɓa zama ba, Kogin Kwara kuma an juya shi yamma ya faɗa teku ta wajen Senegal.

Sai a 1796 Baturen Birtaniya Mungo Park ya tsaya a Segu, cikin Mali ta yau, ya ga kogin gabas ya nufa, sai kuma a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi shi har inda ya shiga teku. A tsakani, cikin 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba wani Baturen Birtaniya mai yawon bincike, Clapperton, taswirar kogin da garuruwan ƙasar a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826. Ita ma ana samun hotonta, ba ta da ƙyale-ƙyale, amma ni a wurina ta fi da yawa daga masu launi daraja. Akwai ma wasu duwatsu da ake kira na Kong, da aka fara zanawa a 1798 a ratsa Afirka ta Yamma da su daga yamma zuwa gabas. Babu su ko kaɗan, amma sun yi kusan shekara 90 a takarda. Ƙa'idar karanta waɗannan taswirori ke nan: gaɓa an gani an auna, cikin ƙasa ji aka yi. Wani Bafaranshe, d'Anville, shi ya yi ta maza a 1749, ya share duk abin da ba shi da tabbas a kai, ya bar tsakiyar Afirka fari fat.

Musulmi ba su zana irin wannan ba ne?

Sun zana, kuma kwafinsu na cikin abin da 'yan uwanmu suka fi saya. Al-Idrisi, haifaffen Sabta da ke Arewacin Afirka, ya gama aikinsa a 1154 a fadar Sarki Roger na biyu a tsibirin Sisili. Gutsure 70 ne a cikin littafi. Faffaɗar da ake gani a kasuwa, wani masani Bajamushe, Konrad Miller, ya harhaɗa ta a shekarun 1920. Kudu ce a sama, arewa a ƙasa. Na taɓa kai wa wani dattijo ita a Idi-Araba, yana ɗagawa ya ce, "Malam, ai ka juyar da ita!" Na ce, "Ranka ya daɗe, haka mai ita ya zana. Duba rubutun, a miƙe yake." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to ashe mu ne a sama.

Sai ta Piri Reis, kwamandan jiragen Daular Usmaniyya, ta 1513, a kan fatar barewa. An gano guntunta a fadar Topkapi ta Istanbul a 1929, akwai gaɓar Afirka ta Yamma da ta Burazil suna fuskantar juna. Wadda ke da hoton Mansa Musa riƙe da curin zinariya kuwa ba ta Musulmi ba ce, a tsibirin Mayorka aka yi ta a 1375, ana danganta ta ga wani Bayahude, Abraham Cresques. In hotunan cikinta sun dame ka, duba amsar da ke kan ɗakin salla a ƙasa.

An ce akwai wadda aka rubuta "Gaɓar Bayi" a daidai inda muke. Ya dace in rataya ta?

Gaskiya ne. 'Yan kasuwar Turai sun raba gaɓar Gini, wato gaɓar Afirka ta Yamma, da sunan hajar da suke ɗauka: ta barkono, ta hauren giwa, ta zinariya inda Fotugal ta gina ganuwar Elmina a 1482, sai ta bayi, wadda ta haɗa da Wida ta Jamhuriyar Benin ta yau da Badagiri da Legas. A farkon ƙarni na 19 Legas na cikin manyan tashoshin wannan mugun ciniki, kuma akwai Hausawa da yawa cikin waɗanda aka loda. A Bahiya ta Burazil, Hausawa ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a 1807, suna kuma cikin Musulmin da suka tashi a birnin Salbado na can a 1835.

Ra'ayina, ka rataya in ka san abin da ka rataya, kuma za ka iya bayyana wa ɗanka in ya tambaya. Wadda ba na so ita ce mai zanen ado a kusurwa, Bature a kishingiɗe, baƙaƙe ɗaure da sarƙa, an lafta ta a ɗakin cin abinci don kawai launinta ya dace da labule.

Ina bambancin ta asali, da kwafi, da jabu?

Ta asali ba wai ita kaɗai ce a duniya ba. Tun daga ƙarni na 16 yawanci bugawa ake yi: a sassaƙa zanen a farantin jan ƙarfe, a cusa tawada cikin tsagar, a matse da takarda mai ɗan danshi, a fitar da ɗaruruwa, a ɗinke su cikin manyan littattafai. Ortelius ya fitar da nasa a Antwerp a 1570, gidan Blaeu na Amsterdam suka fitar da mai juzu'i 11 a 1662, da taswira kusan 600. Duk ganyen takardar da ya fito daga wancan faranti a wancan zamani, na asali ne.

Kwafi hoton wancan ne da aka buga da na'urar yau. Ba abin kunya ba ne, shi nake sayarwa, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jabu shi ne kwafin da aka yi wa ƙaryar shekaru. Shekarar da ka gani rubuce a jikin zane ba ta tabbatar da komai, don kwafin jiya ma da ita yake fitowa.

To ta yaya zan gane ta asali?

Da farko a fitar da ita daga firem. Duk mai sayarwar da ya ƙi, ka bar masa kayarsa, kada ka yi cinikin biri a sama. Sannan ka shafa gefen zanen da ɗan yatsa: matsar faranti tana barin kwarmi mai kusurwa huɗu da ya kewaye zanen. Ɗaga takardar a hasken taga ko ka haska ta baya da fitilar waya. Takardar hannu ta kafin wajen 1800 tana da layuka masu kama da haƙarƙari, sirara a matse, da wasu masu faɗin tazara da suka ratsa su, sau da yawa har da tambarin mai yin takardar. Wanda ya taɓa ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gidan malam ya ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta, ya san abin da nake nufi, takardar Italiya ce ita ma. Juya bayanta: wadda aka ciro daga littafi tana da ninki a tsakiya, galibi da rubutun Latin ko Holanci ko Faransanci a baya. Tsohon koren launi kuma yakan ci takarda har ya ɓullo ta baya, ya yi ruwan ƙasa.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne madubin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo ko waya. Layin faranti a haɗe yake, baƙi ƙirin, da ɗan tudu. Na na'urar zamani kuwa tarin ɗigo ne, shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Da kuɗina na koyi wannan. Farkon shigata harkar, wani dillali a wata kasuwar kayan ado ya nuna mini ta gaɓar Gini, ta yi jawur, gefenta a ƙone. Ya ce daga gidan wani tsohon Bature aka fitar. Na biya ina murna na yi tsintuwa. Da dare na sa madubi, sai ga ɗigo reras kamar hoton jarida, na kai hanci, ƙanshin ganyen shayi. Tun daga ranar, in na ga gefe a ƙone sai in ƙara ja da baya, domin taswirar da ta yi ƙarni uku cikin littafi ta fi takardar haihuwarka haske.

A kula, na ƙarni na 19 suna da nasu hali. Takardarsu sumul take babu haƙarƙari, waɗanda aka buga da dutse kuma ba su da kwarmi. Na rundunar ruwan Ingila ganye guda ne mai kauri, kuma a ƙasa ta hagu akan jera shekarun da aka yi musu gyara. Shekarar ƙarshe a jerin ita ta fi kusa da ranar bugu.

Nawa ake sayar da su? Jari ne?

Akwai na ban mamaki: Ɗakin Karatun Majalisar Amurka ya biya dala miliyan 10 a 2003 kan taswirar Waldseemüller ta 1507, wadda aka fara rubuta sunan Amurka a kanta. Amma ganyen gaɓar Gini na ƙarni na 17 yawanci ɗaruruwan dala ne zuwa 'yan dubbai a gidajen gwanjo na Turai, gwargwadon lafiyarsa da launinsa. Kwafi kuwa kuɗinsa kuɗin takarda ne da tawada da firem, ba ya hawa ko ya shekara hamsin. Ta asalin ma ban ba kowa shawarar ya zuba kuɗin gado a kanta a garin nan ba, dalili yana cikin amsar danshi.

Ina zan sami hoton da zan kai a buga mini?

Kyauta ne a intanet. Ɗakin Karatun Majalisar Amurka, da Gallica ta Faransa, da tarin David Rumsey da ke Jami'ar Stanford, duk sun ɗora dubbai. Ka nemo da kalmar Guinea ko Lagos ko Bight of Benin, ka sauke fayil mafi nauyi. Ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato takardar A2 tana neman hoto mai kimanin 5,000 a 7,000. Ka kai shi a filashi. In ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto za ta matse shi, sunayen garuruwan nan da ka yi abin dominsu su dagule. In sayarwa za ka yi, karanta sharaɗin wurin, wasu sun yarda da amfanin kai ban da kasuwanci.

Shomolu ce cibiyar ɗab'i, amma ka faɗa musu ba banar talla kake so ba, in ba haka ba a kan ledar tallan siyasa za a buga maka. Ka nemi takarda mai kauri marar sheƙi, da tawadar da ba ta koɗewa da wuri, a fara buga maka ɗan yanki ka karanta ƙananan rubutun kafin a saki duka. Ni nakan sa a rubuta "kwafi" da shekarar bugu a baya, saboda gobe kada magada su ruɗe, ko wani ya jiƙa ta a shayi.

Yaya zan kare ta daga danshin Legas?

Nan ne wahalar take. Masu adana takardu suna son danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100, fumfuna kuma tana fara kamawa in ya haura 65. A Legas da damina yakan wuce 80 ba wani abu ba ne. Na taɓa rataya wata a bangon shagona mai kallon waje, daga Mayu zuwa Yuli ban duba bayanta ba. Da na sauke, kwalin ya yi laushi kamar burodin da ya kwana a leda, tabo ruwan ƙasa sun fito a kan tekun kamar ƙyanda. Allah ya taimake ni kwafi ce.

Kada takarda ta taɓa gilashi, a sa kwali marar asid a tsakani. A maƙala 'yan ƙananan roba a bayan firem don iska ta ratsa tsakaninsa da bango. A guji bangon waje, da na banɗaki, da kicin, da inda rana ke bugawa, da kusa da hayaƙin janareto. Ɗakin da esi ke kamawa yana ɗaukewa da zuwan wuta ya fi mai fanka illa, don raɓa ce ke taruwa cikin gilashin. Salatif da gam ba su da wuri a nan. Lamineshin kuwa, ga kwafi mai araha babu laifi, amma wanda ya yi wa ta asali ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago, ledar ba ta ɓaruwa. In kana da ta asali, ajiye ta a kwance cikin kwali mai kyau tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka riƙa dubawa saboda gara da kyankyaso, ka rataya kwafinta a bango.

Akwai hotunan mutane da dabbobi a jiki. Zan iya sa ta a ɗakin da nake salla?

Hukuncin na malaminka ne, ni mai firem ne. Abin da zan iya gaya maka, na Holan na ƙarni na 17 sun cika da giwaye, da dodannin ruwa, da jarirai masu fukafuki tsirara a kusurwa. In kana son kauce wa zancen gaba ɗaya, ɗauki ta rundunar ruwa ta ƙarni na 19, ko ta Sarkin Musulmi Bello, ko ta d'Anville a sa kwali ya rufe adon kusurwar. A kwafi ana iya goge hoton a kwamfuta kafin bugu. Ta asali dai kada a sa mata almakashi.

Zan iya fita da ita ƙasar waje, ko in shigo da ita?

Kwafi ba shi da matsala, musamman mai rubutu a baya kamar yadda na faɗa a amsar bugu. Tsohon abu kuwa, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihin Nijeriya ba da izini ba. In abin da ke hannunka rubutun hannu ne ko zanen gida, ka fara biyawa ta gidan tarihi na Onikan kafin ka nufi filin jirgi. Wadda ka sayo a waje, riƙe rasit da takardar bayanin mai sayarwa, su ne shaidarka a kwastan, su ne kuma za a nema ranar da ka tashi sayarwa. Ka ɗauko ta ba firem, a shimfiɗe tsakanin kwali biyu masu tauri cikin jakar hannu. In ta yi girma a naɗe ta sakwa-sakwa cikin bututu mai faɗi, zanen yana kallon waje, in ka iso gida ka bar ta kwana biyu a ɗaki kafin ka warware.